Ranar da Aka Kwashe Jeren Rumaisa

Tudun Ƙofa, Keffi
6 ga Yuli

Zuwa ga Gwaggona Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Yaya da yara. Ya kunnen, ya kuma gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ake ta yi kusan kullum. Maigidan yana gaishe ki. Har yanzu Litinin yake tafiya aiki Abuja, sai Juma'a ya dawo.

Tun da waya ba ta yi miki amfani, kuma kin ce ba kya son a riƙa karanta miki saƙona a gaban jama'a, na yi magana da Julius, direban motar Abuja zuwa Gombe da ke tsayawa a tashar nan. Ya ce zai riƙa kai miki takarda. Ni ma hakan ya fi mini, kin san ni da takarda.

Kin ji rasuwar Iya, kakar maigidan. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne abin da na gani bayan sadakar bakwai. Ni da wata jikarta aka sa mu tattara ɗakinta. Na tafi da tsintsiya da buhu huɗu, ɗaya ma bai cika ba. Zani biyar, mayafi biyu, buta, carbi, tabarma da bargo, tukunya ɗaya, kwano uku, sai akwatin ƙarfen da likkafaninta ya daɗe a ciki. Mun shiga bayan azahar, kafin la'asar mun share mun fito. Matar da ta haifi tara ke nan, wadda ba a taɓa shiga ɗakinta aka fito ba a ci wani abu ba.

Da na dawo na tsaya a bakin ƙofar ɗakina, sai na ga kamar ba nawa ba.

Gwaggo, kada ki ɗauka raini ne. Na san yadda kika haɗa jeren nan. Tun ina firamare kike sayo kwano ɗaya, faranti biyu, ki tura ƙarƙashin gado, kina cewa 'yar ƙaninki ba za ta shiga gidan miji a ga maraicinta a bango ba. Kuma ba a gani ba. Ranar jere har Yewande, Bayarabiyar da ke sayar da robobi da kwanuka a bakin layinmu, sai da ta ce in na gaji da aure in zo mu haɗa shago, don kayana sun fi nata.

Amma ciki da falo ne. Kabet biyu, shogilas, saitin kujeru, sif, madubi, kuloli har goma sha takwas, tangaran ban san iyakarsu ba. Mu biyu ne, kwana huɗu ma ni kaɗai. A faranti biyu muke ci, sauran ba su da aiki sai a goge su. In na idar da sallar asuba na fara, ba na gamawa sai hantsi ya ɗaga. Da damina ta sauka bangon bayan kabet ya jiƙe, fumfuna ta kama shi, kyankyasai suka yi gida a kulolin da ko sau ɗaya ba a zuba musu abinci ba. Tagar falo tun ranar jere ba a buɗe ta ba, shogilas ya tare ta. Salla tsakanin gado da sif nake yi, in na yi sujada kaina yana taɓa ƙafar madubi. Duk da haka, wata goma sha ɗaya kacal, matan layi sun fara ce mini yayin irin kabet ɗina ya wuce, yanzu fari ake yi mai fitila a ciki.

Kin sha yi mini faɗa kan littattafan soyayya. Har yanzu ina karantawa, ba zan ɓoye miki ba. A cikinsu amarya takan shiga gida mai falo uku, a ci shafi huɗu ana jero kujeru da labule da turaruka, ni kuma in rufe ido in ga kaina a ciki. Sai kwanan nan na lura ba a taɓa faɗin wanda yake goge su ba. Na koma na duba wuraren da na fi so, waɗanda na naɗe gefen shafinsu, ashe duk ba a falon suke ba. Ko a gindin bishiya, ko a bakin ƙofa, mutum biyu suna magana.

Wani lokaci in na zauna a tsakiyar kayan nan, sai in ji kamar in buɗe ƙofa in fita da kayan jikina kawai, in bar komai inda yake.

Shin laifi ne in rage? Na taɓa wa maigidan maganar ranar Litinin, yana ɗaura takalmi zai fita, ya ce kayana ne, in yi yadda na ga dama. Amma ke kika haɗa su, shi ya sa na ce sai na ji ta bakinki.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Rumaisa

Gombe
15 ga Yuli

Rumaisa 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Julius ya kawo ta har ƙofa, ya tsaya yana ta magana ina gyaɗa masa kai, ko kalma ɗaya ban ji ba. Kunne yana nan yadda kika san shi. Gwiwa kuwa da sanyin damina ba sa ga maciji. Ki gaida mijinki Mahfuz, ki kuma yi wa surukinki Malam Izzuddeen ta'aziyyar mahaifiyarsa a madadina. Allah ya jiƙan Iya.

Na karanta sau biyu, kamar yadda nake yi wa rubutun ɗalibaina a da. Rubutunki ya yi kyau, tunanin ne da saura.

Iya da kika gani da buhu ɗaya, ita ma da jerenta aka kai ta. Ina yarinya na shiga ɗakin, kwalla tun daga ƙasa har rufi. A hankali ta rabar da su, wannan 'ya ta ɗauki biyu, waccan jika uku, shekara sittin tana bayarwa. Ke kin je kin ga ƙarshen hanya, kina so ki fara tafiya daga can.

Kayan ɗaki ba don ci da sha ake yin su ba. Gida na miji ne, abin da ke cikin ɗaki na mace. Duk wanda ya ɗaga labule ya gan su, ya san yarinyar nan tana da mutane a bayanta, sai ya auna maganarsa. Ranar da mijina ya rasu, danginsa har kujerar zaure suka raba. Abin da ba wanda ya isa ya miƙa wa hannu shi ne kayan ɗakina. Ba ki san ranar nan ba, kuma ina roƙon Allah kada ki san ta.

Ki sa a janye kabet daga bango kamar taku ɗaya. Ki sayi maganin kyankyaso, ki zuba kafur a kulolin. Matan layi kuwa ki bar su da bakinsu. Sannan maganar da miji ya yi yana ɗaura takalmi ba izini ba ce, hankalinsa yana tasha. Kada ki taɓa komai sai na zo, in gwiwa ta bar ni.

Ki rage karatun littattafan soyayyar nan.

Na ga wasu kofuna shida a kasuwa, irin na yayi masu bakin zinariya, na ce sun dace da shogilas ɗinki. Suna wajen Julius, ki duba kada ya fasa.

Gwaggonki,
Zubaidatu

Tudun Ƙofa, Keffi
27 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Jikina lafiya, maigidan ma haka. Amma na yi abin da kika hana ni, kuma ya zama abin da ban zata ba. Gara ki ji daga bakina.

Kofunan sun iso, ba wanda ya fashe, na gode. Na buɗe shogilas in jera su, ba wuri. Na duba kabet, ba wuri. Na tsaya riƙe da kwalin a tsakiyar falo ina juyawa, har hawaye ya zo mini, ban san na mene ne ba. A ranar na yanke shawara.

Ranar Talata na ɗauko a-kori-kura da 'yan dako biyu. Na ce ba zan sayar ba, ba zan bayar ba, tun da ban ji amincewarki ba. Ajiya kawai zan yi a gidanmu na unguwar Yara, a tsohon ɗakin Inna, marigayiya mahaifiyata, da ke rufe. Sawu uku motar ta yi. Baffa Husaini yana shago, matarsa ce ta buɗe mini ɗakin. Sai share ido take da gefen mayafi. Na ɗauka Inna ta tuna.

A layinmu ma mata sun fito ƙofa-ƙofa suna kallo daga nesa. Sai a sawu na uku Yewande ta bar shagonta ta zo ta riƙe mini hannu, ta ce, “Amarya, ki yi haƙuri. Haka maza suke, nawa ma sau biyu na kwashe.” A nan na gane abin da ake gani. Na yi dariya, na ce ba haka ba ne, wuri kawai nake nema. Ta ce to, Allah ya rufa asiri. Ba ta yarda ba. Ba wadda ta yarda.

Wallahi Gwaggo, a Keffi aka haife ni, na sha ganin motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan uban mace, na kuma san abin da ake cewa. Amma ranar nan bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Hankalina yana kan ranar Juma'a. Na bar gado da sif, kujera biyu, kafet, tukwane, faranti shida da littattafaina. Na wanke bango, na buɗe taga, na sa turaren wuta. Na tsara yadda zai shigo ya tsaya, ya duba, ya yi murmushi, kamar yadda ake yi a littafi. Shi ya sa ko a waya ban gaya masa ba.

Labari ya riga ni. Ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga tasha ya ce masa Allah ya sa haka ne mafi alheri. A bakin masallacin layi wani dattijo ya ja shi gefe, ya ce in aiki ne ya lalace ya faɗa a taimaka, amma sayar da kayan mace ba na ɗan mutunci ba ne. Magana biyu ke yawo ke nan: ko ya sake ni, ko ya cinye mini kaya.

Ya shigo ya tsaya kamar yadda na tsara. Ya duba bango, ya duba taga, ya dube ni. Sai ya ce, “Rumaisa, me na yi miki?”

Na tuna masa abin da ya ce ranar nan. Ya ce shi ya ɗauka kula biyu ko uku zan ba wani. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye jaka ya zauna a kujera, bai ko cire hula ba.

Jiya surukina Baba Malam ya kira mu zaurensa. Ya ce ya yarda ba da mugun nufi na yi ba. Amma a garin nan abu biyu ke fitar da kayan mace daga gidan miji, saki ko mutuwa, kuma shi ba zai bi gida-gida yana yi wa mutane bayanin na uku ba. Ya ce ɗansa bai saki ba, bai ci amana ba, ba zai ɗauki sunan wanda ya yi ba. Sannan ya ce, “Kafin watan Maulidi ya tsaya, ko kaya su dawo inda aka jera su, ko mai kaya ta bi kayanta.”

Maigidan kansa a sunkuye har muka fito. Baffa Husaini ma ya aiko, ya ce na mai da gidansa abin nuni.

Gwaggo, na san na saɓa miki. Amma ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Ki rubuto mini da wuri. Yau zan kai wa Julius takardar nan da kaina.

'Yarki,
Rumaisa

Gombe
2 ga Agusta

Rumaisa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ke ce ban sani ba.

Husaini ya bugo wa yayanki waya. Tun da ba na ji, sai yayan naki ya rubuta mini a bayan katin magani, layi uku: Rumaisa ta kwaso kayanta zuwa Yara. Sawu uku. Mijin ba ya gari. Na tambaye shi dalili, ya ce Husaini cikin fushi yake, ya kashe waya. Kwana tara ina zaune a bakin ƙofa ina jiran Julius. Ba shi, ba takarda.

Na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa, sai na ga abin da na tsallake. Kin rubuta cewa kina jin kamar ki buɗe ƙofa ki fita da kayan jikinki, ki bar komai. Ashe gaya mini kike zaman ya ƙi, ni kuma na amsa miki da maganin kyankyaso. Shekara talatin ina koyar da karatu, na kasa karanta 'yar da na goya.

Yanzu ki gaya mini gaskiya, ba da irin Hausar littattafanki ba. Ya taɓa ɗaga miki hannu? Yana barin ki da yunwa a kwana huɗun nan? Akwai abin da yake yi a Abuja da kika gano? In ɗaya daga ciki ne, ko da rarrafe zan zo Keffi, kuma Malam Izzuddeen zai ji abin da bai taɓa ji daga bakin mace ba. Ban raine ki don a wulaƙanta ki ba.

In kuwa ba abin da ya yi miki, kin dai wayi gari ne kin ga mijinki bai yi kama da na cikin takarda ba, to kin kashe ni da raina. Ubanki yana kwance a asibiti ya damƙa mini ke, ban ce masa komai ba sai to. Ban san da wane ido zan dube shi gobe ƙiyama ba.

Shirunki ya fi komai ci mini rai. Na ba Martina takardar nan, 'yar maƙwabtanmu da ke karatu a jami'ar garinku. Na ce ta kai Yara, in ba kya can ta nemi gidan mijinki. Kin ga yau ban ma san inda 'yata take kwana ba.

Zubaidatu

Tudun Ƙofa, Keffi
11 ga Agusta

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Ina ɗakina, a gidan mijina, lafiyata ƙalau. Na fara da wannan don ki samu ki numfasa.

Ban yi shiru ba. Tun ranar ashirin da bakwai na rubuta miki komai. Motar Julius ce ta lalace a Akwanga, ta yi sati biyu a wajen makanike, takardar tana ciki. Jiya na same shi a tasha, ya rantse gobe zai kawo miki ita tare da wannan. Ki fara karanta waccan.

Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Bai taɓa barina da yunwa ba. Mutumin da in ya dawo Juma'a a gajiye, sai ya tsaya ya ji labarin littafin da na karanta, har ya tambayi yadda aka ƙare. Layin da kika gani a wasiƙata, da kaya nake, ba da shi ba. Da zan fita da kayan jikina, da shi zan fita. Laifina ne da na rubuta shi yadda ya yi mini daɗi a kunne, ban duba yadda zai sauka a zuciyarki ba.

Na je na durƙusa wa Baba Malam. Ya ce ya yafe, amma magana tana nan yadda ya faɗe ta, don ba shi aka ɓata wa suna ba. Maigidan yana ci, yana gaisuwa, magana ce ba yawa. Ranar Asabar na fito daga kicin na same shi kwance a kafet, ƙarƙashin taga, ya rufe ido. Ya ce, “Ashe ɗakin nan yana da iska.” Sai ya tashi da sauri kamar wanda aka kama da laifi. Daga baya ya ce mini shi ba kayan ne suka dame shi ba, amma ba zai iya tsallake maganar mahaifinsa ba, kuma ya gaji da yadda ake sassauta murya in ya shiga masallaci.

Na je Yara na buɗe ɗakin Inna. Na zaci zan ga tarkace, sai na ga shekarunki. Ga langar da kika sayo ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare. Ga samirar da kika riƙo a cinya tun daga Jos don kada ta lotse. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Ban taɓa ganin su haka ba sanda suke a bangona, don kullum da tsumma a hannu nake kallon su.

Duk da haka ba zan yi miki ƙarya ba, sati ukun nan ban taɓa jin sauƙi irin nasu ba. Kafin takwas na gama aiki. Na koma haddar da na ajiye tun kafin biki. Ina shimfiɗa sallaya inda na so. Matan da suka zo ganin ƙwaf, su shida, sun zauna a kafet sun miƙe ƙafa har la'asar, sun manta abin da ya kawo su. Abin da ya fi ba ni mamaki, na ratsa kasuwa ranar Laraba, layin 'yan tangaran, zuciyata ba ta ja ni ko'ina ba. Da kuwa sai na tsaya, in taɓa, in dawo gida ina jin akwai abin da na rasa. Ban san wannan jan yana gajiyar da mutum ba sai da ya sake ni.

Amma ba zan ba da aurena don ɗaki ya sha iska ba. Na yi magana da mai a-kori-kura, zai zo Asabar, ashirin da uku ga wata, kafin a fara duban jinjirin watan Maulidi. Zan mayar da komai inda yake, shogilas ya koma gaban taga. Abin da nake so ki sani kawai, don idon mutane zan mayar, kuma na san zan ƙare ƙuruciyata ina goge abin da ba na ci a ciki. Na karɓa. Ni na jawo.

Ki yafe mini kwana taran da kika yi a bakin ƙofa. Shi ya fi kayan nauyi a raina.

'Yarki har kullum,
Rumaisa

Gombe
17 ga Agusta

Rumaisa 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardu biyu sun iso tare. Na karanta ta farko, na karanta ta biyu, na tashi na yi nafila raka'a biyu a zaune. Alhamdu lillahi da ba abin da na zata ba ne. Ki ce wa Mahfuz ya yafe mini zargin da na yi masa a zuciya. Jiki da sauƙi.

Wauta kin yi ta, ba zan canja mata suna ba. Wanda zai yi abin da garinsu bai saba gani ba, da baki yake farawa, ba da mota ba. Da kin zaunar da mijinki, shi ya je ga mahaifinsa, a fitar da kayan kaɗan-kaɗan cikin wata shida, da ba wanda ya ɗaga kai. Kin so ki ba shi mamaki, kin ba gari gaba ɗaya.

Amma ki sallami mai motar nan.

Na rubuta wa Malam Izzuddeen, takardarsa tana hannun Julius tare da wannan. Na ce masa kayan da ke Yara ni na saye su, ni na ba ki, kuma daga yau na karɓe abina. Ban ce na nema kafin ki kwashe ba, ba zan yi ƙarya da furfura ba. Na ce dai yanzu ba naki ba ne, ba ki da ikon mayar da su, kuma ba a rataya auren yarinya a kan kwanukan wata tsohuwa. Malami ne, ya san iyaye kaɗai aka yarje wa su karɓi kyautar da suka yi wa ɗansu. In ya ce ni gwaggo ce ba uwa ba, ya zo ya nuna mini wadda ta yi goyon. Na kuma rubuta wa Husaini ya faɗa a masallacin Yara da na Tudun Ƙofa cewa Zubaidatu ta karɓe jeren da ta yi.

Na san abin da za a ce. Za a ce tsufa ya taɓa ni, ko rowa ta tashi mini bayan shekara. Su faɗa. Sunan Mahfuz zai fita daga bakinsu, nawa ya shiga, ni kuma ba na ji. Abin da zan yi da kayan, ba ruwanki. Dangi ba su rasa 'yan mata marasa gata ba.

Kada ki ɗauka na yarda da ke. Har yanzu ina ganin mace ba kaya kamar gida ba katanga, kuma ina tsoron ranar da za ki nemi abin jingina ki rasa. Amma na karanta inda kika ce kin ratsa kasuwa ba abin da ya ja ki. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa ratsa kasuwa haka ba ko sau ɗaya. Ban san ko ke ce kika rasa wani abu ko ni ba.

Ki koma ki sake durƙusa wa surukinki bayan ya karanta takardata, kada ya ga kamar an yi masa dabara. Ki bar mijinki ya huce a lokacinsa. Kada ki rubuto mini godiya, ban gama fushi ba.

Bayan Maulidi zan zo, ko gwiwa ta so ko ta ƙi. Na ce wa yayanki kada ya saya mini komai na tsaraba, ya dube ni kamar bai san ni ba. Tun da na yi wayo ban taɓa shiga ɗakin 'ya hannu rabbana ba. In kin ga na tsaya a bakin ƙofa ina 'yan dube-dube, ki kama hannuna ki shigar da ni.

Uwarki,
Zubaidatu